Gida Ne Bai Yarda Ba

A gidan Sakatare babu mutum ɗaya da yake son janareta ya zauna a ƙarƙashin tagar Baba. Tambayi kowa ka ji. Sakatare da kansa, in ka tare shi a bakin mota da safe, zai dafa ƙirji ya ce shi ne ma ya fara ganin abin bai dace ba. Matarsa za ta ce ita har kunya abin yake ba ta. Mai gyaran injin, wanda ya zuba masa daɓe ya kafa shi a wurin, zai rantse ya ce tun ranar ya faɗa. Duk da haka janareta yana nan inda yake, baƙi wuluk, ƙato kamar sa a kwance, bakin salansarsa yana kallon tagar tsohon kamar mai shirin yi masa raɗa.

Ɗakin can baya yake, bayan kicin, inda a da ake jibge tsofaffin tayoyi da gwangwanayen fenti. Da Baba ya rasa matarsa, ɗansa ya ɗauko shi, aka share ɗakin aka sa gadon ƙarfe da tabarma da ƙusa a bango don rataye riga. Taga ɗaya ce. In ya buɗe hayaƙi ya shigo, in ya rufe zafi ya dafa shi, domin a jikin bangon nan aka jera gindin na'urorin da ke sanyaya ɗakunan gaba, su ma suna huro tasu iskar. Sanyin yana can falo, zafinsa yana nan wajen Baba. Wutar lantarki kuwa a unguwar ba ta da alƙawari, takan leƙo ne kamar baƙuwa mai kunya ta koma. Saboda haka injin kusan kullum a kunne yake.

Baba ya yi shekara talatin da ɗoriya a bakin tanderun kamfanin siminti kafin ya ajiye aiki. Mutum ne mai sanyin hali, ga son raha, ba ya iya roƙon abu sai ya naɗe shi cikin wasa. Shi ma Sakatare yake ce wa ɗan nasa, kamar yadda direba da mai gadi suke faɗa, sai dai shi yakan ɗan ja ƙarshen kalmar don tsokana.

Abin da bai taɓa ganewa ba shi ne aikin yaron. Ya san dai kamfanonin siminti da na ƙarfe sun haɗu sun kafa ƙungiya, ɗansa ne sakatarenta, kuma yana yawan zuwa majalisa da jaka a hannu. A lokacin ana ta maganar wata doka da za ta tilasta wa manyan masana'antu su rage hayaƙi, don an ce hayaƙin ne yake ɗumama duniya, shi ya sa damina ta rikice, wani wuri ambaliya wani wuri fari.

Wata rana da la'asar Baba yana zaune a inuwar ƙofar gida da rediyonsa, sai aka sa tallar kamfaninsu na da. Wata murya mai zaƙi ta ce su ne kan gaba wajen goyon bayan dokar, kuma bana za su dasa itatuwa ba iyaka. Ana cikin haka motar Sakatare ta shigo.

"Sakatare, zo ka fitar da ni daga duhu. Wannan kamfanin da ke magana, ba yana cikin masu ɗaukar nauyinku ba?"

"Shi ne ma babba, Baba."

"Ya ce yana son dokar."

"Yana sonta mana."

"To me ya sa jiya na ji ka a waya kana cewa sai inda ƙarfinka ya ƙare a kanta?"

Sakatare ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da ya saba amsawa. "Ai ba ni ba ne, Baba. Ƙungiya ce."

"Su wa ke cikin ƙungiyar?"

"Su ɗin ne dai. Kamfanonin."

"Wato kowa in yana shi kaɗai yana so, in sun taru ba sa so."

"Ka gane ke nan. Kamfani yana da suna a jikin buhu, mutane suna iya fushi da shi su daina saye. Ƙungiya kuwa ba ta da buhu."

Baba ya yi dariya har ta koma tari. Da ya lafa ya goge ido ya ce, "Ashe kai ne tsumman da suke sauke tukunya da shi. To Allah ya yi albarka, shi ma aiki ne." Ya rage muryar rediyo. "Tunda kai mai kai ƙara gaba ne, ni ma ina da tawa. Maƙwabcin nan nawa na ƙarƙashin taga, baƙin nan, ya fi ni tari kuma ba ya rufe baki. Ko za a nemo masa wani gida?"

"Baba, a ƙa'ida na yarda ɗari bisa ɗari. Dole a matsar da shi. Sai dai abu ne mai son tsari, ga wayoyi, ga daɓe. Ka ba mu ɗan lokaci."

Baba ya ba su lokaci. Da lokacin ya yi tsawo sai ya ɓullo ta wajen surukarsa. Ya same ta a kicin tana yanka albasa, ta ajiye wuƙa ta rusuna ta gaishe shi.

"'Yata, ke ce gwamnatin gidan nan, kowa ya sani. Ki sa baki."

"Wallahi Baba ni ma na faɗa har na gaji. In son raina ne yau ɗin nan a ɗauke shi. Amma in aka kawo shi ta gefe, ɗakin yara ne, ga su da karatu. In aka kai shi gaba, baƙinsa manyan mutane ne, ba sa son ƙara. Shi dai za ka ƙara yi wa magana."

Ya ƙara yi masa. Sakatare ya ce shi ba shi da matsala, uwar yara ce ke da ɗan tsoro. Ita ta ce ita ba ta da tsoro, shi ne ke jan ƙafa. Haka Baba ya yi ta kai da kawo tsakanin falo da kicin, silifas ɗinsa yana ƙara a kan tayil, har ran da Sakatare ya leƙo ɗakin baya, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya ce, "Baba, mun zauna. Ni na goyi bayanka, ita ma ta goyi bayanka. Amma a matsayinmu na gida, an ga a dakata tukuna."

Baba ya dube shi ta cikin shuɗin hayaƙin da ke yawo a ɗakin. "Su wa ke cikin gidan?"

Sakatare ya yi dariya, ya ce Baba dai ba ya tsufa, ya ja ƙofa.

Tarin ya fara ne da safe kawai. Daga baya ya ƙara da rana. Kakin da yake tofarwa a gwangwani ya koma toka-toka, matashin kansa kuwa in an wanke yau, jibi ya yi kamar an goge tukunya da shi. Da can kullum yakan taka zuwa bakin titi wajen tsofaffin abokansa da ke zama a kan benci gaban shagon mai gyaran agogo. Sai ya koma yana hutawa sau biyu a hanya, sai ya koma aika gaisuwa. Wani siririn fito ya zauna masa a ƙirji, har yakan ce da kansa ya haɗiye usur.

Gida bai yi sakaci ba, a faɗi gaskiya. Gida ya shiga bincike. Sakatare ya ce ba a tabbatar cewa janareta ne ba, kuma bai kamata a yi gaggawar ɗora laifi ba sai an duba komai. Da farko aka ce ruwan sanyi ne, aka hana shi. Tari bai daina ba. Aka ce fanka ce, aka cire ta, zafi ya ninka. Aka ce tsohon bargonsa ne, aka ba mai gadi. Daga ƙarshe aka zargi kyanwar da ke kwana a bakin ƙofarsa, aka sa ta a buhu aka kai ta nesa. Ita ce kaɗai a gidan take shiga ɗakin ta zauna.

"Saura ni," in ji Baba. "In kun sa ni a buhu ku ɗan bar baki a buɗe."

An kuma ɗauki matakai. An buga kwali a rabin tagar. An kira mai gyara ya auna bututun da za a ƙara wa salansa don hayaƙi ya bi sama. Ya auna ya tafi, bayan wata ya dawo ya sake aunawa, kamar bangon yana girma. Bututun dai kullum gobe yake isowa. Ran da Baba ya sake tuntuɓa, Sakatare ya kai shi bakin katanga ya nuna masa gidan maƙwabta.

"Ka ji nasu? Ya fi namu girma. Ko mun matsar da namu, nasu zai ci gaba da turowa. Sai dai in kowa a layin nan zai matsar tare."

"To a fara da wa?"

"Shi ne abin da ake tattaunawa."

Ran da numfashi ya sarƙe masa a bayi har sai da direba ya ɓalle ƙofa, aka kai shi asibiti. Likita ta sa abin sauraro a bayansa ta daɗe, sannan ta tambaya ko ana girki da itace a inda yake kwana. Sakatare ya riga shi amsawa, ya ce sam, gidansu da gas ake girki, sai dai tsohon ya yi shekaru a bakin tanderu. Likita ta rubuta magani, ta ba da ɗan abin shaƙa mai shuɗin murfi, ta ce a nisanta shi da hayaƙi kowane iri ne.

A mota Baba ya ce, "Ka ji ta."

"Na ji, Baba. Ta ce hayaƙi. Ba ta ce janareta ba."

Ranakun da suka fi wuya su ne na baƙi. 'Yan majalisa da manajojin kamfani sukan zo cin abincin rana a babban falo, a kunna kowace na'ura a gidan, injin ya yi ta gurnani tun hantsi. Surukar takan zo da nama a faranti ta ajiye masa, ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Baba, bangon nan ba shi da kauri. In tarin ya zo, ko za ka ɗan sa matashi?"

"Zan gaya masa, 'yata. Amma ba ya jin magana, ban san wa ya gado ba."

Takan yi dariya, idonta ya kawo ruwa, ta fita da sauri tana tari ita ma.

Kwatsam wata safiya sai ga Sakatare ya shigo ɗakin har ciki, ya ɗauki akwatin Baba da hannunsa. Ya ce a koma ɗakin baƙi na gaba, wanda tagarsa ke kallon filin fulawa. Baba ya zauna a kan katifa mai laushi, ya shaƙi iska bai ji ɗanɗanon mai a harshensa ba. Ya kama hannun ɗansa ya yi ta sa masa albarka har yaron ya rasa inda zai sa ido. Surukar ta shiga kawo zuma da lemon tsami safe da yamma. Aka kira wanzami ya gyara masa gemu, tela ya zo ya auna shi.

Ba a yi sati biyu ba fiton ƙirjin ya yi ƙasa. Ya koma cin abinci da kyau, ya taka har bencin mai gyaran agogo bai huta ba, abokai suka ce ko sabon aure zai yi. Babu wanda ya ce uffan a gidan game da dalilin samun sauƙin. Binciken da aka daɗe ana yi ya tsaya cak, ba a sanar da sakamako ba.

Ran da tela ya kawo ɗinkin ne Sakatare ya zauna a bakin gado ya fara sosa ƙeya. Majalisa za ta saurari jama'a a kan dokar hayaƙi. Masu goyon baya za su kawo marasa lafiya da manoma. Ƙungiya kuma tana son tsohon ma'aikaci, wanda ya yi rayuwarsa a bakin tanderu kuma ga shi garau, ya zo ya faɗi abin da kamfani ya yi masa.

"Ba ƙarya za ka yi ba, Baba. Ka yi aikin, ka ciyar da mu da shi, ka sa ni a makaranta. In aka matsa wa kamfanoni za su rage ma'aikata. Iyakar abin ke nan."

Baba ya shafa sabuwar rigar da ke kan cinyarsa. Ya dubi tagar, ya dubi kwalbar zuma. A hankali abin ya zauna masa, kamar yadda ƙura ke kwantawa bayan mota ta wuce.

"Ashe kiwo ake yi," ya ce. "Na ce zumar nan ta yi yawa."

"Haba Baba."

"Kamfanin da kansa zai zo?"

"Zai zo, amma shi zai ce yana goyon bayan dokar. Mu ne za mu nemi a jinkirta."

"Ni kuma ina cikin ku."

"Kai ai uba ne."

Baba ya san in ya ƙi, yaron zai ji kunya a gaban waɗanda ke riƙe da abincinsa. Ya kuma yi wani lissafi nasa na tsofaffi: wanda aka kai gaban majalisa aka nuna a matsayin uba, ai ba a mayar da shi bayan kicin. Ya ce to.

Ran zaman, suna cikin mota a bakin ƙofar majalisa, Sakatare ya lura da ɗan tudu a aljihun sabuwar rigar. Ya sa hannu a hankali ya zaro abin shaƙar, ya jefa a aljihun mota.

"Kada ya faɗo a gaban mutane, Baba. Ba za mu daɗe ba."

Zauren ya cika. Manajan kamfani ya fara magana, ya ce su da dokar nan kamar uwa ɗaya uba ɗaya, aka tafa. Wani manomi ya ce shekara uku ke nan yana shuka sau biyu. Wata mata daga unguwar da ke bayan masana'anta ta tashi da 'yarta a gefe, ta ce in ta shanya fararen kaya sai ta kwashe su baƙaƙe, kuma yarinyar ba ta iya gudu da sa'o'inta. Sannan Sakatare ya miƙe. Baba bai taɓa ganinsa a bakin aiki ba, sai ya ji wani abu kamar alfahari, domin yaron ya iya magana. Ya ce a ƙa'ida ƙungiya ta yarda ɗari bisa ɗari. Sai dai abu ne mai son tsari. Ba a gama tabbatar da komai ba. Kamfanoni sun riga sun fara ɗaukar matakai don kansu. Kuma ko mun rage namu, na maƙwabtan ƙasashe zai ci gaba da turowa. Baba ya riƙa gyaɗa kai, don duk ya haddace, har ya san wadda za ta biyo baya. Kyanwa ce kawai ba a ambata ba.

Aka kira shi. Shugaban zaman, wani mai ƙiba da fara'a, ya ce, "Baba, shekara talatin a bakin wuta. Yaya jikin?"

Me mutum zai ce in babba ya tambaye shi jiki a gaban jama'a, ga ɗansa yana kallonsa?

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Abokaina ma cewa suke aure zan ƙara."

Zaure ya ɗauki dariya. Ya faɗi sauran yadda aka tsara, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kafin azahar shugaban ya sanar cewa za a kafa kwamiti ya sake nazari, a ba masana'antu wasu shekaru su shirya. A bakin ƙofa ma'aikatan kamfani suna raba dashen itace a 'yan tukwane, kowane dashe da koren ƙyalle a wuya. Aka miƙa wa Baba ɗaya, aka ɗauke shi hoto.

Sakatare ya tsaya gaisawa da manya. Baba ya fito baranda, sanyin zauren da doguwar magana suka taso masa da abin da zuma ta kwantar. Ya dafa bango, fiton ya dawo, ya laluba aljihu babu komai. Sai ya ji an taɓa masa hannu. Matar nan ce ta bayan masana'anta. Ta buɗe jakarta ta ciro abin shaƙa mai shuɗin murfi, ta goge bakinsa da gefen mayafinta.

"Ungo, Baba. Na 'yata ne. Tun kana magana a ciki na ji ƙirjinka, irin nata ne."

Ya shaƙa sau biyu. Da numfashi ya dawo ya so ya ce wani abu, ko wasa ne, amma a karo na farko a rayuwarsa bai samu ko ɗaya ba. Ta karɓi abinta, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ja yarinyar suka sauka.

An yi walima a gida, injin ya yi kwana biyu bai huta ba. A rana ta uku Sakatare ya shigo ɗakin baƙi yana sosa ƙeyar nan tasa. Wani masani da ƙungiya ta ɗauko don aikin kwamiti zai sauka a gidan, na ɗan lokaci ne.

Baba ya gyara zama, ya harɗe hannu a ciki yadda ya ga ana yi a majalisa.

"Sakatare, a ƙa'ida na yarda ɗari bisa ɗari. Dole in koma. Sai dai abu ne mai son tsari, ga akwati, ga buta. Kuma ba a tabbatar cewa baƙon ba zai fi son ɗakin baya ba. Ina neman a ba ni wasu shekaru in shirya."

Sakatare ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira matarsa ta zo ta ji, Baba ya maimaita, ita ma ta yi dariya. Baba ya yi tare da su, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ko zai ga wani abu bayan dariyar.

Washegari ya taka zuwa benci. Da ya dawo ya tarar da ɗakin baƙi an canza zanen gado an fesa turare, akwatinsa da butarsa da sabuwar rigar suna can baya a kan gadon ƙarfe. Ya tambayi surukarsa, ta ce wallahi ita tana kasuwa. Ya tambayi direba, ya ce shi umarni aka ba shi, bai riƙe wa ya bayar ba. Sakatare ya ce shi da so samu ne Baba ya zauna, amma gida ya riga ya yanke. Jinkiri, ashe, ba kowa ake ba ba. Akwai masu neman shekaru a ba su, akwai wanda ko zuwa la'asar ba a jira shi ba.

An dai yi masa wani abu. Sakatare ya sa an ajiye dashen nan na kamfani a ƙarƙashin tagar, tsakanin bango da salansa. Ya ce itace yana tsotse hayaƙi, in ya girma Baba zai ga bambanci.

"Shekara nawa yake yi ya girma?"

"Ba ya daɗewa sosai. Goma haka."

"To Allah ya nuna masa."

Fiton ya dawo cikin kwanaki kaɗan, ya zo da ƙannensa. Baba ya daina zuwa benci, ya koma salla a zaune. Abin da ya rage masa na yi shi ne ba dashen ruwa da sauran na butarsa. Yana kallo ganyen ya yi dishi-dishi, ya yi baƙi, gefensa ya fara naɗewa. Yakan sa yatsa ya goge masa ganye ɗaya bayan ɗaya, kafin yamma sun koma yadda suke.

Wata safiya ya tsaya a kansa ya daɗe. Sannan ya ce, "Kai dai ba ka yi wa kowa shaida ba." Ya sunkuya ya kama bakin tukunyar ya fara ja. Ba ta da wani nauyi, amma sai da ya huta a bakin kicin, ya huta a gindin tankin ruwa, ya sake hutawa a kwanar gareji, kafin ya kai ta filin fulawa na gaba, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin baƙi. Ya zauna a kan dakali yana neman numfashi.

Nan Sakatare ya fito ya same shi, jaka a hannu, direba ya riga ya buɗe mota. Ya dubi dashen, ya ɗaga wani ganye da ɗan yatsa, ya ga baƙin da ya shafa masa.

"Ka kyauta da ka kawo shi nan, Baba. Ai can baya hayaƙin nan kashe shi zai yi."

Baba ya ɗaga kai kawai ya dube shi, ƙirjinsa yana ta ɗan fitonsa. Surukar da ta biyo mijinta da kwalbar ruwa ta tsaya a bakin ƙofa. Direba ya sunkuyar da kai yana goge madubin da ba shi da datti. Sakatare ya tsaya da baƙin yatsansa a sama, bakinsa a ɗan buɗe, kamar mai sauraron maganar da wani ya faɗa daga nesa.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, shugaban ƙungiya ne. Ya goge yatsan a hankici.

"Za mu zauna a kai, Baba," ya ce, ya shiga mota.

Baba ya jira har aka rufe ƙofar gida. Ya juye wa dashen sauran ruwan butarsa, ya gyara masa ƙyallen wuya, sannan ya dafa bango ya nufi baya, inda maƙwabcinsa ya riga ya fara gyaran murya.